Shuɗin da Ya Gangaro a Kumatun Maryamu

Montelupo, Oktoba 1956

Ɗana Duilio,

Kafin gaisuwa ga gargaɗi. In labari ya riga wasiƙata isowa Rosario, aka ce maka abin al'ajabi ya faru a gidanmu, kada ka durƙusa, kada ka kunna kyandir, kada kuma ka bar matarka ta yaɗa shi a cocinku. Zauna ka ji daga bakin wadda take tsaye a wurin.

Bayan haka, ina gaishe ka da kyau, da fatan kai da Clelia da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Ubangiji ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan an gama tsinkar inabi, zaitun bai yi abin kirki ba. Ƙanwarka Nives ta sauka lafiya, an sami mace. Ni kuwa ciwon gwiwa ne, da wata gajiya wadda barci ba ya saukewa.

Maganar babanka ce. Ka san halinsa a gaban aikinsa na zanen kayan yumɓu: ya tsoma burushi a shuɗi, ya kai baki ya tsotse tsininsa, sannan ya ɗora a kan farin shafen da ake yi wa yumɓu kafin a mayar da shi wuta. Tun ina amarya nake gaya masa akwai gubar dalma a kayan nan, ko a makaranta an koya mana. Kullum amsarsa ɗaya, wai Malama ta fara darasi, a kawo mata alli. Wai ubansa ya tsotsi burushi har ya tsufa. Ya manta ni na riƙa ba tsohon abinci a baki, don hannayensa sun daina riƙe cokali. Tun bazara cikin babanka ke murɗawa, dasashinsa ya yi baƙin zare, amma ya ce miyar wakena ce ta cika gishiri.

Fada Anselmo ya ba shi aikin siffar Budurwa Maryamu da Jaririnta, da zagayen lemo da ganye, don wurin addu'a na mararrabar gada. Yumɓun ya gasu lafiya, farin ya hau sumul. Ranar zana mata ido, ina tsaye da abincinsa, na ga wuyan hannunsa na dama ya saki kamar an tsinke igiya. Burushin ya zame daga idon ya gangaro kumatu. Kai ma ka san ɗanyen shafe, abin da ya sha ya sha, sai dai a kankare fuskar duka a sake. Hannun kuwa ya ƙi ɗaguwa. Ƙanenka Osvaldo ya ce bari ya gyara, babanka ya daka masa tsawa, wai bai mutu ba tukuna balle a gaji fuskar da ya fara. Haka aka sa ta a wuta.

Da aka buɗe tanderu ta fito da zaren shuɗi daga ido har haɓa, yana ƙyalli. Gwaggonka Zelinda ce ta fara gani, ta saki kwandonta ta kurma ihu wai Uwa tana kuka. Kafin rana ta take, tsakar gidanmu ta cika da mata da carbi, sun tattake mini shuka. Babanka yana zaune a gefe, hannu a ɓoye cikin riga, bai ce musu a'a ba. Wannan shirun nasa ya fi ciwon ƙona mini rai. Ya gwammace a yi wa Uwar Yesu ƙarya da a ce hannunsa ya mutu.

Sai na fito na gaya musu ba hawaye ba ne, dalma ce ta kashe hannun mijina, mai son ganin kuka ta biyo ni kicin. Zelinda ta ce boko ya cinye mini imani. Na ce imanin da sai ɗan'uwanta ya shanye zai tsaya, ta riƙe kayanta. Fada ya zo ya dubi fuskar, ya dubi hannun, ya ce za a kafa ta a mararraba yadda take, amma da bakinsa zai faɗa a coci cewa kuskuren burushi ne. Likita kuma ya ce in an daina tsotsar burushi yanzu hannun zai iya ɗan farfaɗowa, in ba haka ba abin zai hau masa kai.

Babanka ya daina yi mini magana. Sai jiya ya turo mini burodinsa ba tare da ya kalle ni ba, na yanka masa. Ina fita na leƙa ɗakin aiki, na tarar da Osvaldo leɓe duk shuɗi, yana gaya mini wai ruwa ba ya fid da tsini kamar miyau. Duilio, zama kawai na yi a bakin ƙofa.

Ka gaida Clelia, da Tullio, da ƙaramar Ersilia takwarata, da kawunka Egisto in kun haɗu. Nives da mijinta suna gaishe ku. Babanka ma da zai gaishe ka, in da yana magana da mai rubutun.

Ga dokar da na kafa, ka san ta kafin ka zo: na ajiye kofin ruwa na fid da tsinin burushi a kan kowane bencin aiki. Kafin kowa ya zauna a teburina zai nuna mini leɓensa da harshensa, maigida ne ko ɗa. Wanda na ga shuɗi a bakinsa, ya je ya ci a gidan Zelinda.

Mahaifiyarka,
Ersilia