Inna, Na Aika Za'afaran Jiratawa Ban Je Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Inna.

Bayan gaisuwa da ban girma irin wanda ya kamaci 'ya ga mahaifiyarta, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce 'yarki ta fari. Shekara tara ke nan da aka fitar da ke daga ɗakin nan, ban taɓa ɗaukar alƙalami dominki ba sai yau. Da ajamin da mahaifina Malam ya koya mini nake rubutu, hannun ya yi tsatsa, ki yi haƙuri da shi. Na san babu mai kai takarda inda kike, amma maganar ta cika mini ciki, kuma ke kaɗai za ki gane ta.

Jikarki Hajara ta haihu wata biyu da rabi da suka wuce, namiji. Na kusa rasa ta, na kusa rasa yaron, kuma laifina ne. Har yanzu ba mu gama fita ba. Bari in faɗa miki yadda aka yi.

Kin tuna 'yar battar azurfa ta za'afaran da kike ƙullewa a bakin zane? Ni ina jin ƙamshinta har gobe. Malam in zai yi wa mai jego rubutun sha, ba ya taɓa baƙar tawada. Sai ya idar da wuridinsa na safe, ya ɗauko farin faranti, ya rubuta Alam nashraha da ruwan za'afaran, rawaya kamar ƙwanduwar ƙwai. Yana cewa shehunan ɗariƙa sun ce ganye ne mai buɗe ƙirji, mai sa zuciyar da ta rufe ta saki. Shi dai nasa rubutu. Shiga gidajen mata naki ne.

Ke kuma ba kya ba da magani a tsaye. Sai ki wanke rubutun a 'yar tasa, ki je har ɗakin matar, ki nemi ruwan ɗumi, ki zaro sili uku daga batta ki saka a gabanta. Uku, ba huɗu ba. Mai ciki kuwa ko ta yi kuka ba kya ba ta. Daga nan sai ki miƙe ƙafa ki ce, "Za'afaran ba ya son gaggawa, bari ya saki jikinsa." Ina yarinya ina riƙe miki mayafi, haushi kamar ya kashe ni. Abin da za a gama cikin ƙiftawar ido, sai mu kai hantsi muna kallon ruwa yana sauya launi, ke da matar kuna ta 'yan maganganu ƙasa-ƙasa.

Da na haifi Hajara, ina aure a Tsibiri, lokacin yaƙin Nasara, sa'ad da aka rufe hanyar Katsina, gishiri ma sai an sha wuya balle za'afaran. Na koma ɗakina bayan arba'in, sai wani abu ya sauko mini. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. In yarinyar ta yi kuka sai in ji kamar kukan 'yar maƙwabta. Na juya fuska bango, kwana da kwanaki.

Sai ga ki da ƙafa, tun daga tsohon garin Maraɗi, wancan da ruwan gulbi ya cinye daga baya. Matan gidan suka riƙe baki: uwa ta biyo 'yar fari har ɗakin miji, ina kunya? Na ji amsarki ta bayan zana, kika ce, "Kunya ba ta shayar da jariri." Kwana goma sha ɗaya kina zuwa kina komawa. Battar ta kusa ƙarewa har kina raba sili ɗaya biyu da farce. Ban tuna ɗanɗanon maganin ba, Inna. Na dai tuna zamanki a bakin gadona, da ranar da na buɗe baki na faɗa miki abin da ke cikina, ba ki ce mini a'uzubillahi ba.

To, ni da aka yi wa wannan, ki ji abin da na yi wa tawa 'yar.

Nan gidana ta yi wankan jego. Gwaggonta ce mai wankan, ni ina tsakar gida ina harkar kunun kanwa, don 'yar fari ce, ba na shiga ɗakin sai da dalili, ba na kiran sunanta. Na lura in an miƙa mata yaron sai ta kau da kai. In ya gama sha sai ta ajiye shi can nesa. Mata masu zuwa barka suna ta yaba ta. "Kai, yarinyar nan akwai alkunya! Ko kallon ɗan ba ta yi. An dai yi mata tarbiyya." Ni kuma, shashasha, sai kaina ya fasu. Wallahi har daɗi nake ji. Ciwon da na sani a jikina yana zaune a ɗakina kwana arba'in, ina kiransa kunya.

Aka mai da ta ɗakin mijinta a Jiratawa. Mako biyu sai ga saƙo daga surukarta: Hajara ta daina ci, nono yana ƙafewa, yaron kullum ramewa, sai an danne ta take ba shi. Wasu sun ce iska ce, a kai ta wajen masu bori. Mijin ya kai ta dispansar wajen likita, aka duba aka ce ba a ga komai ba.

Nan na gane. Na sayi za'afaran wajen wani Balarabe a kasuwa, na shinshina, na ɗanɗana, na tabbatar ba gemun masara aka rina mini ba. Ƙanena Malam Sani, wanda ya gaji allon Malam, ya yi rubutun a farantin nan dai. Har nan ban kauce wa hanyarki ba. Amma da aka zo batun tafiya, sai ƙafata ta yi nauyi. In shiga gidan surukai in zauna a ɗakin 'yar fari? Me za a ce? Sai na jiƙa komai a gida, na tace, na ɗura a kwalba, na ba wata mai tallar daddawa da ke bin hanyar ta kai. Har ina yaba wa kaina wai na rage wahala.

Kwalba uku na aika, Inna. Ta shanye su tas, don ba ta musu. Babu abin da ya motsa.

Ranar Laraba surukar ta zo da kanta. Tsohuwar kirki ce, ba ta da laifi. Ta zauna a tabarma tana share ido da gefen mayafi, ta ce yaron ya daina kuka mai ƙarfi, sai ƙugi-ƙugi kamar ɗan kyanwa. Ta ce sun yanke shawara a ba wata mai shayarwa a dangi shi, ita kuma Hajara a san yadda za a yi da ita. Ta dube ni ta ce, "Ke ce uwarta. Ko sau ɗaya ba za ki zo ki gan ta ba?" Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ita ce kunyar gaskiya.

Washegari da sassafe na ɗaure za'afaran a bakin zane na kama hanya. Na same ta kwance, fuska a bango, a yadda kika same ni. Ƙasusuwan wuyanta duk a waje. Na nemi ruwan ɗumi, na saka sili uku, na miƙe ƙafa. Sai na ga ban san abin da ake cewa ba. Shekara goma sha takwas ban taɓa zama da yarinyar nan mu biyu ba. Ruwan ya yi rawaya, ta sha, na kwana a gidan ba tare da mun yi magana goma ba.

Rana ta biyu haka. Rana ta uku, muna jiran launi, na ce a raina in ban fara ba babu mai farawa. Na kira ta da sunanta. Ta juyo a firgice kamar wadda aka watsa wa ruwa. Na faɗa mata batun Tsibiri duka, abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ke: cewa ita ce jaririyar da na juya wa baya, cewa na ɗauka Allah Ya tsine mini, cewa abin ya wuce kuma na so ta har ina tsoron son.

Ta tashi zaune. Sai ta ce, "Inna, ashe ke ma? Ni na zaci ni kaɗai ce uwar da ba ta da zuciya." Ta ce in ana yaba mata kunya a gidana, ji take kamar ta kurma ihu, amma wa za ta faɗa wa, tunda uwarta ce kan gaba wajen murna? Ta yi kuka har ta jiƙa mini zane. Ruwan ya huce, na sake ɗumama shi.

Yau kwanana tara a Jiratawa. Ba zan yi miki ƙarya in ce ta warke ba. Wata safiya ta tashi da sauƙi, wata ta koma bango. Amma tana shan kunu, nonon ya fara dawowa, an fasa ba da yaron. Shekaranjiya ita da kanta ta ce a miƙo mata shi, ba wanda ya matsa mata, har ta tsaya tana duba 'yan yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Matan unguwa sun fara abin da suka saba, wai uwar Hajara ta tare a gidan suruki. Su yi ta yi, bakinsu ne. Ɗazu Hajara ta tambaye ni yaushe zan koma Maraɗi, ta ce kada a yi da ni. Na ce mata sai ranar da ta ɗauki muciya ta kore ni. Inna, jikarki ta yi dariya. 'Yar ƙarama ce, ta rufe baki da hannu, amma na ji ta da kunnena, kuma ita ce ta farko tun da ta haihu.

Ki yafe mini jinkirin da na yi. Allah Ya jiƙan ki, Ya jiƙan Malam, Ya yalwata muku kabari, Ya buɗe muku ƙirji yadda kuka buɗe wa matan garin nan. Allah Ya tashi kafaɗar Hajara, Ya raya ɗanta, Ya ba ni ƙarfin zama har ta miƙe. Amin, don alfarmar Fiyayyen Halitta.

Wassalamu.

'Yarki mai kewarki,
Rakiya