Ƙafar tawa ce, sunan na yayana

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. A sakaya sunana.

Ɗaurin rodi ya zame daga injin ɗaga kaya ya karya mini ƙafar hagu wuri biyu, a tashar jiragen ruwa ta Legas. Wata huɗu ke nan. Don girman Allah shawararku nake nema. Ban yi boko ba, ni ke faɗa matata na dannawa.

A can ba a shiga aiki sai da katin ɗan kwangila, kuma katin wuyar samu gare shi. Shi ya sa mutanenmu ba sa barin kati ya mutu, in mutum zai koma gida sai ya bar wa ƙaninsa. Yayana Sani ya daɗe yana sauke kaya a can, da mahaifinmu ya rasu ya dawo Katsina ya riƙe shagonsa, ya miƙa mini katin. Muna kama sosai, mai gadi bai taɓa kallona sau biyu ba. Shekara shida ana kirana Sani ina amsawa. Helumanmu, wato shugaban leburori, Malam Iro, mutumin Ƙofar Marusa, ya sani, shi ma ya ce in taho. Mu goma sha biyu ne a ƙarƙashinsa, bakwai da katin aro muke.

Da abin ya faru na yi kwana tara a asibiti, sai na ga tambayar suna ta fara yawa, kowa da takardarsa. Na tsorata. Na ce a sa ni a mota a kawo ni gida wurin mai ɗori. Wannan kuskurena ne, ban ɗora wa kowa ba. Ɗorin bai kama ba, ƙafar ta kumbura tana ruwa. Likitan ƙashi ya duba hoto ya ce a yi tiyata a sa ƙarfe kafin ƙarshen wata, in an wuce haka yankewa ce daga gwiwa. Kuɗin da ya faɗa ko shagon muka sayar ba zai kai ba.

Ana haka Malam Iro ya bugo waya. Ashe kamfanin na biya wa kowane lebura inshora, ni ban taɓa sani ba. Ya ce za su biya tiyatar, su ba da diyya. Amma tunda na bar asibiti ba sallama, sai na je kotu na rantse cewa ni ne Sani mai katin, in dangwala yatsa. Ya aiko da takardar. Ya ce in na faɗi gaskiya masu inshora za su ce Sani suka sani, Sani kuwa ƙafarsa ƙalau, ba abin da zan samu. Daga nan kamfani zai bi kati ɗaya-ɗaya, a kori sauran shidan, a kore shi, ƙila har da 'yan sanda. Ya ce in tuna ranar da rodin ya faɗo mini shi ya ɗauko ni daga ƙasa da hannunsa. Gaskiya ne, shi ya ɗauko ni.

Inna ta ji maganar ta ce duk ɗanta da ya dafa Alƙur'ani a kan ƙarya ba ita ba shi, gara ta gan ni da sanda. Yaya Sani ya ce suna ya ara mini don aiki ba don kotu ba, in asiri ya tonu shi za a ɗaure. Muka yi cacar baki, na gaya masa maganar da bai kamata ba. Bayan kwana biyu ya shigo ya ajiye katinsa na ɗan ƙasa, wanda kotu za ta nema, kusa da matashina ya fita. Na tambayi malamin unguwarmu, ya ce gumin nawa ne, jinin nawa ne, amma rantsuwar ƙarya sunanta rantsuwar ƙarya. Matata ta ce in rantse in yi ta istigfari, ita ce ke wanke ciwon kullum, ta san abin da take gani.

Ni ba rago ba ne. Na kwana a ƙarƙashin tirela, na ɗauki buhu da zazzaɓi, ban taɓa roƙon kowa ba. Amma da ƙafa nake ci, ban iya komai ba sai ɗaukar kaya.

Masu sani a cikinku, akwai hanyar da inshora ke biyan wanda ya ji ciwon ko da sunan ba nasa ba ne, ba tare da an taɓa sauran ba? In babu, in rantse ko in bari a yanke?

Ina kwance a zauren gidanmu a Ƙofar Kwaya. 'Yata ta daina shigowa saboda warin. Takardar na ƙarƙashin tabarma ban dangwala ba. Saura kwana goma sha ɗaya wata ya ƙare.