Ƙamshin Ɗakin Mama a Vinikilang

Jimeta, 6 ga Oktoba, 1997

Hamma Wilson,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya sanyin Jos, yaya Adda Debbie da yara? Mu nan lafiya, in ka cire Baba.

Hamma, Baba ya daina cin abinci. Likita ya duba shi bai ga komai ba. Magana ce ta fito daga Vinikilang, inda gidan gonarmu yake. Ka san tun rasuwar Mama na kulle gidan gona na dawo da Baba wurina. To, Absalom da ke noma mana gonar ya zo, da bakinsa da ba ya ajiye magana, ya zauna gaban tsoho ya ce wai Mama tana dawowa. Wai duk Juma'a da yamma ana ganin mace cikin fararen kaya tana ratsa masara, a wayi gari tsakar gida a share, ƙamshin turarenta har bakin hanya. Matan da ke cire mana gyaɗa sun watse, sun ce ba da su ba.

Ni dariya na yi, Baba bai yi ba. Ya sa a ransa fushi take da shi, don ya binne ta a bayan gidan gona bai kai ta cikin danginta ba. Ka tuna yadda su Kawu suka taso masa a kan haka. In na kai masa tuwo sai ya ce da wane baki zai ci alhali ita ba ta huta ba. Duk ya zabge. Tsoro nake ji, Hamma, ba na so mu rasa su biyun a shekara guda.

Juma'ar nan zan je in gani da idona. Kai da kyankyaso ke kora daga ɗaki, kar ka ce za ka hana ni.

Ƙanwarka,
Kezia

Jimeta, 12 ga Oktoba, 1997

Hamma Wilson,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, zauna tukuna kafin ka karanta.

Na je. Absalom ya raka ni har bakin gona, nan ya tuna yana da aiki a wani wuri. Na shiga ɗakin girki na laɓe bayan tsohuwar randa. Da la'asar ta yi sanyi sai na ji masara tana motsi, ga mace cikin fari tun daga kai har ƙafa. Gaskiya na karanta Zabura har da wadda ban haddace ba. Sai na ji ta yi tari, ta ce bismillah, ta ciro mabuɗi. Na ce a raina yau ga fatalwa mai ciwon ƙirji.

Ya Gumsu ce, Hamma! Ƙawar Mama ta unguwar Makama, Babarbariyar nan mai haɗa turaren wuta, wadda ta goya ka ranar da aka haife ni. Farar lafaya ce a jikinta. Da ta gan ni ta saki tsintsiya ta rungume ni, muka yi ta kuka kamar ranar aka yi rasuwar.

Tana Maiduguri wajen haihuwar 'yarta Mama ta rasu. Da ta dawo an riga an watse, kunya ta hana ta zuwa gaisuwa, tana ganin za mu ce ta yar da Mama. Ta ce a gidansu ba a barin ɗakin mace ya huce babu hayaƙin turare, kuma tun suna da ƙarfinsu suka yi alkawari wadda ta rage za ta riƙa turara ɗakin 'yar'uwarta. Mama ce ta ba ta mabuɗi. Mota biyu take hawa, ta bi ta masara don kar labari ya kai wa ɗanta Mustafa, wanda ya hana ta yawo saboda ƙafa. Har ƙorafi ta yi mini wai mutanen Vinikilang ba su da tarbiyya, tana musu sallama suna gudu.

Da na gaya mata halin Baba ta riƙe baki. Ta ce ai Mama da kanta, tana kwance ba lafiya, ta ce mata Allah ya sa kar a kai ta nesa, inda Nicodemus, wato Baba, ba zai iya zuwa ya zauna kusa da ita ba. Ban faɗa masa ba tukuna. Daga bakinta nake so ya ji.

Taka,
Kezia

Jimeta, 19 ga Oktoba, 1997

Hamma,

Ina gaishe ku duka, a shafa mini kan yara.

Na kai Baba ran Juma'a. Ya sa rigarsa ta zuwa coci. Muka tarar Ya Gumsu ta riga mu, garwashi na ci a kasko, ɗakin ya cika da Mama. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe. Ta durƙusa ta yi masa gaisuwar da ta makara, sannan ta faɗa masa duka, har maganar kabarin.

Na ɗauka zai yi murna. Sai ya zauna bakin gado ya rufe fuska da hula. Ya ce ya gode, ya ji, hankalinsa ya kwanta. Amma shi da ya sa wannan rigar, ya so a ce Mama ce, ko da faɗa ta zo yi masa.

Sai Ya Gumsu ta buɗe kwanon da ta zo da shi, burabusko da miyar kuka, ta tura gabansa ta ce Hadassah, wato Mama, ba za ta yafe mata ba in ta bar shi ya koma da yunwa. Ya wanke hannu. Yana ci hawaye na sauka, mu kuma muka juya baya muka ba shi wuri, har ya cinye.

Ka zo Kirsimeti, don Allah. Yana tambayarka.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Kezia