Gazuwal ɗin ƙasan tano da surukina ke ware mani

Assalamu alaikum admin, a ɓoye sunana. Jama'ar wannan zaure, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗau zafi, ranar Juma'a ake son amsa daga bakina kuma ban da ita.

Ni direba ne, shekarata tara ina jan kat-kat, motar shiga yashi, ta wani Alhaji mai fataucin hatsi da wake a Magaria, gazuwal take sha, wato dizal. Mallawa, Dungass, Bande, babu rairayin da ban keta da ita ba, da kaya ko babu. Tunda damina ta sauka bana motar nan ta sa ni gaba. Sai in taka totur har ƙasa tana nishi, ta riƙa fizga tana farin hayaƙi, in na shiga yashi kuwa sai ta lafe. Wallahi ranar kasuwar Mallawa amalanken shanu ya wuce ni, mai shi har da ɗago mani hannu yana sannu direba, ji na yi kamar in fasa gilashi.

Na kai ta garaji, bakanike ya ce filtir ɗin iska ne, aka sake. Kwana biyu ta koma. Ya ce na mai ne, aka sake, ta yi sati ta koma. Akwai wata ƴar fitila da ke kamawa gaban sitiyari, na nuna mashi, ya ce wayoyi ne suka haɗu in rabu da ita, ashe ita ce mai cewa ruwa ya taru a filtir, shi ko oho. Ƙarshe aka kwance anjekta aka kai Damagaram aka gyaro, ta yi lafiya kwana huɗu, rana ta biyar ta mutu mani tsakanin Bande da gida, da buhunan mutane a baya ga hadari ya taso. Nan Alhaji ya hau ni da faɗa. Ya ce an faɗa mashi direbobi na sayar da mai mai kyau su cika tanki da kananzir, ya ce bai taɓa zaton haka daga gare ni ba, a gaban mutanen shagonshi ya faɗa. Ni da ko kwano ɗaya na gero ban taɓa ɗauka ba!

Haushi ya sa na shiga binciken da kaina. Na kwance ɗan murfin ƙasan filtir na tara abin da ya zubo a kwalba, abin ya fito fari-fari gauraye, na aza kan katanga na tafi la'asar. Da na dawo ya rabu biyu, gazuwal a sama, ƙasa ruwa ne zalla da tsatsa ja. Innalillahi. Ba pampon mai ba ne, ba anjekta ba ne, ruwa nake ba mota tun farkon damina.

To ga inda nawa laifin yake, ba zan ɓoye maku ba. Alhaji ya ce in riƙa shan mai a gidan mai, ni kuma ina zagayawa wajen surukina, Baban matata, a wani ƙauye gefen Dantchiao. Dattijo ne makiyayi, shanunshi suka ƙare, ƙarfi ya tafi, ya koma sayar da gazuwal a tano, duro ke nan ga ƴan'uwa na Najeriya. Na ce in ina saye wajenshi ai na taimaka mashi ba tare da na miƙa mashi sadaka ya ji kunya ba. Farashi ɗaya ne, ban ci ko dala ba, Allah shaida. Kuma kun san surukuta, in na je sai in tuɓe takalmi in durƙusa in gaishe shi, in koma can nesa ƙarƙashin bishiya, shi ke zuba mai da hannunshi, ban taɓa tsayawa kanshi ina leƙe ba.

Abin da ya ɗaure mani kai, masu injin niƙa da sauran direbobi duk wajenshi suke saye, babu wanda ya yi kuka. Ina ta wannan mita a gida sai matata ta ce, cikin alfahari ma, ai man da Baba ke ba ni ba irin na kowa ba ne. Wai ya ce na sama tsinkakke ne, na ƙasa ya fi kauri da ƙarfi kamar fura, shi ya sa yake sayar wa mutane na sama, in na zo ya zura tiyo har ƙasan tano ya jawo wa surukinshi mai kyan. Na je na duba ranar yana masallaci, tanon na tsaye a fili, murfin ya ɓata an toshe da tsumma, ruwan sama ya kwanta a kai yana tsiyaya ciki. Duk ruwan da ya shiga tun saukar damina, ni ake ware wa shi saboda girmamawa. Dariya na zo mani kuka na zo mani.

Yanzu Alhaji ya ce Juma'a in faɗi gaskiya ko in ajiye makulli, kuma sunan ɓarawo ya bi ni, a garin nan wa zai sake ba ni mota? In na faɗa, na san halinshi, ya riga ya rantse duk wanda ya lalata mashi mota sai ya kwana hannun jandarma, tsoho mai furfura a ɗauke shi gaban jikokinshi ta dalilina. Shi kuma Baba ban san da bakin da zan ce mashi kyautarka ce ta kashe mota ba, idonshi ma ban iya kallo. Matata ban faɗa mata ba har yau, tana ganin fuskata a ɗaure tana tambaya ko ita ta yi mani laifi.

Ku faɗa mani, in wanke kaina in tona tsoho, ko in ajiye makulli in karɓi sunan da ba nawa ba? Akwai hanya ta uku da ban gani ba? Don jiya ma labari ya kai wa Baba cewa mota na wahalar da ni, ya hau amalanke ya zo da kanshi, ya ajiye mani bido, wato jarka, cike da gazuwal kyauta, ya ce wannan na can ƙasa ne sosai, in zuba zan ga bambanci, ya sa mani albarka ya tafi. Bidon na nan cikin zaure, ban zuba ba ban mayar ba, kuma jibi ya ce zai dawo ya ji yadda mota ta yi.