Matan da Kika Tara a Shekarar Sanƙarau

Uwar Bashiru,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta iske ki ba, amma wa zan gaya wa in ba ke ba?

Sojoji sun koma bariki. Zamfara da aka yanka mana kina kwance ta samu gwamna farar hula, har an ƙaddamar da Shari'a. Bashiru ya shiga kwalejin kimiyya ta nan Kaura. Kaɗan ya rage ki ga duk wannan.

Kullum shekarar sanƙarau nake tunawa. Yara na mutuwa a Dauran da ƙauyukan Zurmi, magani ya yanke, soja kuma sun hana taro. Ke ungozoma ce kurum, amma kika haɗa matan unguwa ƙungiya. A gidajen suna kuke haɗuwa. Ana guɗa a tsakar gida, ku kuna ɗaki kuna raba aiki: wa za ta yi jinya, wa za ta tafi neman allura. Ni nake kai ku a motata ta haya, ina tuƙi ina addu'a a kowane shingen soja.

Da kika tsaya gaban kantoman soja kika ce ya zo ya ga kaburburan yara da idonsa, sai aka tsare ki. Kin fito da tarin da ya zama ajalinki. Ranar da na ɗauko ki, kin zauna a gaban mota kina kallona. Na tambaye ki ko kin ci abinci. Alhali so nake in ce ban taɓa ganin jarumi kamarki ba, namiji ko mace. Na ɗauka akwai sauran lokaci.

Makon jiya aka buɗe ɗakin shan maganin da kuka daɗe kuna nema. Masu manyan riguna sun yi ta yabon juna, babu wanda ya ambace ki. Sai Inna Rabi, mataimakiyarki, ta miƙe ana tsakiyar jawabi, matan duka suka bi ta. Gidanmu suka nufo. Suka cika tsakar gida har zaure suna yi miki addu'a, wasu goye da ƙannen yaran da kika yi jinyarsu. Na rasa tabarmar da zan shimfiɗa musu.

Allah ya haskaka makwancinki, ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Garba Direba