Tarkuna Arba'in a Gurbin Yaya Elwood

Litinin, 6 ga Mayu

Mun binne Yaya Elwood. Coci bai ɗauke mu ba, mutane har bakin titi. Shekara talatin da ɗaya yana sarkin tashar jiragen tsibirin nan. Rabin garin shi ya koya musu tuƙa jirgi da iska kawai, ba inji, har da ni ƙanwarsa, da rankwashi.

Delmas Pruitt ya zo. Har da su kwat! Sau uku Yaya ya ce masa ya canja igiyar da yake ɗaure jirginsa da ita, ta ruɓe. Kullum "Gobe, Kyaftin." Ranar guguwa ta tsinke, jirgin ya nufi na mutane, tsoho ɗan saba'in da ɗaya ya shiga kwalekwale ya bi shi. Ya kamo jirgin, ya ɗaure. Shi sai washegari aka tsamo shi.

Idella, matar Yaya, ta miƙa wa Delmas hannu a bakin kabari. Ni yawu na tofar.

Asabar, 11 ga Mayu

An yi wa Yaya abin da ake yi wa duk masuncin da ya rasu. Jirgi ashirin da shida muka fita a jere, muka kwaso tarkunan ƙaguwarsa daga ruwa, muka jibge su a bayan gidan Idella. Da hannunsa ya saƙa kowanne. Delmas na can ƙarshen layi, kai a ƙasa. Kunya, wai. Allah ya isa.

Lahadi, 19 ga Mayu

Fasto ya yi wa'azin yafiya yana satar kallona. Na tsare shi da ido har ya ɓata layinsa.

Laraba, 29 ga Mayu

Idella ta buga waya sau biyu, ban ɗauka ba. Tun ranar kwaso tarkuna ban taka gidan ba. Wadda ta iya riƙe hannun Delmas ta ci tuwon masararta ita kaɗai.

Har yanzu in na shigo tasha sai na ɗaga kai in ji Yaya ya ce, "Lorna, jirgi kike ɗaurewa ko akuya?" Shiru.

Juma'a, 7 ga Yuni

Yau na ga abin da ya ishe ni. Gabas da fitilar da ke nuna wa jirage hanya, gurbin da Yaya yake zuba tarko tun ina ’yar makaranta, wurin da ko baƙo ya san ba a taɓawa. Gorunan alamar tarko suna ta rawa a kan ruwa, ja da fari. Launin Delmas. Na ƙirga, arba'in cif.

Wata guda kenan. Ya kashe shi, ya kuma gaje wurinsa.

Talata, 11 ga Yuni

Na san ƙa'ida. Sai ka fara yi wa mutum ƙullin gargaɗi a gorarsa, in bai ji ba sannan ka sa wa igiyar wuƙa. Gargaɗin uwar me? Yaya sau uku ya yi masa.

In aka kama ni, lasisina ya tafi, kuma ba mai sake gaishe ni a tasha. Na sani.

Da rana tsaka na je, lokacin kowa ya koma. In kamo gora da ƙugiya, in ja igiya, in yanke. Arba'in ɗin duka. Tarkon da ba gora ya tafi kenan, yana can ƙasan ruwa. A kowanne sai da na kira sunan Yaya. Wallahi na ji daɗi, ba zan yi wa takarda ƙarya ba. Na dawo na ci ƙwai huɗu.

Alhamis, 13 ga Yuni

Idella ta zo da ƙafarta, ko ƙwanƙwasawa ba ta yi ba. Ta zauna a kicin tana murza hular Yaya.

"Lorna, wani marar tsoron Allah ya yanke tarkunan Elwood."

Na ce na Elwood ai suna bayan gidanki.

"Da kina ɗaukar waya da kin sani." Wai Delmas ne ya zo ya roƙe ta arba'in daga ciki. Ya zuba su a gurbin Yaya kada wani ya shige wurin, ya sa gorunansa don doka ba ta yarda ka ja tarko da alamar wani ba. Duk abin da suka kama ita yake kai wa, kwando-kwando, ya ajiye a ƙofa ya tafi. Da su take ci.

"Waɗanda Elwood ya saƙa a sanyin bana ne," in ji ta. "Na ƙarshe."

Na tashi wai zan duba tukunya. Ba komai a kan wuta.

Asabar, 15 ga Yuni

Na fita da ƙugiyar jan ƙasa. Sai ka yi ta ja a laka kamar makaho, ko Allah zai sa ta kama wayar tarko. Awa biyu, tarko ɗaya.

Sai ga jirgin Delmas. Ya rage gudu nesa kaɗan. Ya rame, wuyan nan duk ya fito. Ya jefa tasa ƙugiyar, muka yi ta zagaye, ba mai kallon wani.

Can ya ɗaga gutsuren igiya, yankan sumul, ko zare ɗaya bai tashi ba. Ya daɗe yana duba shi.

"Farfelar jirgin baƙi ce," ya ce. "Haka na gaya wa Idella jiya."

Farfela, arba'in a jere. Ko kare ba zai yarda ba. Na ce, "Kai dai ka ja, ba hira ce ta kawo ni ba."

Mun samo tara. Wayar biyu ta lotse, za su gyaru.

Ban yafe masa ba, kada ma a yi zancen. Ya ce gobe bayan coci ruwa zai janye, ƙila mu fi samu. Ban ce masa to ba. Na dai tsaya na cika tankin mai kafin in wuce gida.