Ranar da Gawa Ta Tashi

Talata

Zuwa ga 'yata Glenda,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina sarakan cinye biskit. Yi haƙuri da rubutun, kin san tun ina ɗan shekara sha huɗu muka yi baran-baran da makaranta.

Albishirinki, an ƙara mini girma a wasan kwaikwayon ƙauyenmu. Bara ni ne ɗan sandan da ke gano wanda ya yi kisa a gidan attajiri. Bana Misis Pennock, shugabarmu, ta fara ba ni mai kawo shayi. Yanzu ni ne attajirin da kansa, sai dai ana buɗe labule an riga an kashe ni. Ta ce, "Wilf, wannan kam ko kai ba ka iya ɓata shi." Na ce ai marigayiya mahaifiyarki ta sha faɗa, kwanciya ce sana'ata.

Gaskiya 'yar maganar mai kawo shayin, "Shayi ya iso", ita ce ta riƙa kuɓuce mini. Ni da na haddace shafi sittin bara. Kada ki sa a ranki.

Ki gaida kowa.
Babanki, marigayi Wilf

Lahadi

Glenda 'yata,

Ina gaisuwa, da fatan murar ƙaramin ta sake shi.

Jiya da yamma muka yi wasan, zauren ya cika maƙil. Ina kwance bayan kujera, wuƙar roba a gadon bayana, sai na buɗe ido ban san inda nake ba. Ga hotunan baƙi a bango, ga wata mata tana kuka, wai an kashe mijinta. Doreen ce mai gidan burodi, shekara talatin ina sayen burodinta, amma ban gane ta ba. Na miƙe na ce, "Gafara dai baiwar Allah, gidan wane ne nan?"

Zaure ya kece da dariya. Ted, ɗan sandan bana, ya daka mini tsawa, "Kwanta, tsohon banza, ba mu gama bincike ba!" Na kwanta, don na ɗauka hukuma ce ta gaske. Ina kwance na shiga lissafa sunayen 'ya'yana. Naki bai zo ba sai da aka rufe labule.

Misis Pennock ta rungume ni, wai in riƙa yin haka kullum. Na ce to. Kowa na dafa kafaɗata, ni ma ina ta washe baki.

Kin tuna yadda kakanki ya fara mantuwa, ranar da ya ɓata a layinmu? Tsoro nake ji, Glenda. Ki zo ran Alhamis ki kai ni wurin likita, kada ki gaya wa ƙanenki tukuna. In na buɗe ƙofa na tambaye ki wa kike nema, don Allah kada ki yi dariya.

Ki shafa mini kan yara.
Babanki mai ƙaunarki,
Wilf Dimmock